Yadda Ake Shirya Ayarin Motoci Daga Maraɗi Zuwa Dajin Arewa

Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, mutanen Maraɗi da yawa sukan ɗauki hanyar arewa: ƴan kasuwa masu bin kasuwannin bisashe, ma'aikatan da aiki ya tura, masu zuwa gaida dangi a Agadas, da matasa masu sha'awar ganin raƙuman dawa a Gadabeji ko bikin makiyaya a Ingal. Akasarinsu sun saba da hanyar Yamai ko ta Damagaram, inda ba a daɗe ana tafiya ba tare da an ga gari, mai faci da mai sayar da ruwa ba, don haka sukan ɗauka cewa in an cika tanki an loda kaya, shiri ya ƙare. Dajin arewa ba haka yake ba. A can ba da kilomita ake lissafin tafiya ba, da ruwa ake yi, da kuma awowin da za a ɗauka kafin a kai rijiya ta gaba, kuma kusan duk abin da zai ceci matafiyi ko ya halaka shi tun a gida ake yanke shi, kafin a tada inji. Wannan bayani na wanda zai fita da motar kansa ne tare da abokan tafiya, ya kwana a daji, ba na wanda zai yanki tikitin bas ba.

Hanya da lokacin tashi

Hanyoyi uku ne ke gaban mutumin Maraɗi. Akwai ta gabas, inda ake bin babbar hanya mai lamba 1 ta Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa zuwa Damagaram, kimanin kilomita 240, sannan a juya arewa ta Tanut da Adarbisinat har Agadas, jimla kusan kilomita 700 ke nan daga gida. Akwai ta yamma, ta Gidan Runji da Madawa zuwa mararrabar Tsarnawa, daga nan Tawa da Abalak, a hau hanyar da aka shimfiɗa domin jigilar yuraniyom ɗin Arlit, wadda ita ce ke wucewa kusa da Ingal. Duka biyun taswira tana nuna su da kwalta, amma halin da suke ciki yana sauyawa shekara bisa shekara, in an gyara nan bana sai can ya farfashe, har direbobi su buɗe tasu hanyar a gefe cikin rairayi. Saboda haka labarin da aka ji bara ba abin dogaro ba ne. A je tasha a nemi direban da ya sauko cikin makon nan, a zauna da shi a tambaye shi dalla-dalla.

Hanya ta uku ita ce na fi so wanda bai taɓa yin irin wannan tafiya ba ya fara da ita. Ana barin babbar hanya kusa da Tsibiri, a nufi Kornaka da Dakwaro, kimanin kilomita 120. Daga Dakwaro in an miƙa arewa aka ƙetare kwarin Tarka, gonaki sukan fara ja baya, a shiga ƙasar kiwo wadda dokar watan Mayun 1961 ta shata wa iyaka da ƙasar noma. A nan ne Bermo take, a nan ne kuma gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955 mai faɗin hekta 76,000, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 2017, aka kuma kai masa raƙuman dawa takwas daga yankin Kure a 2018. Tafiyar ba ta da nisa da gida, amma tana da rairayi isasshe da zai koya wa direba abin da bai sani ba, kuma in wani abu ya faru taimako bai yi nisan da ba za a kai gare shi ba. Mai niyyar shiga gandun sai ya fara gabatar da kansa ga ma'aikatan gandun daji, su ba shi izini da mai rakiya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk da hazo da sanyin dare. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, inji ya riƙa tafasa, buƙatar ruwa ta kusan ninka, don haka in ba lalura ba a haƙura. Damina kuwa haɗarinta daban ne: ruwan da aka yi a wani tsauni mai nisa yakan gangaro ya cika ƙoramar da ke bushe cikin ɗan lokaci, alhali inda mutum yake ko gajimare babu. Mutanen Agadas ba su manta ambaliyar ƙoramar Telwa ta farkon Satumbar 2009 ba. Mai zuwa bikin makiyaya na Kur Sale a Ingal, wanda akan yi a watan Satumba, ya tuna cewa filayen yankin na yumɓu ne, in sun jiƙa ko babbar mota ba ta fita da sauƙi.

Sha'anin tsaro kuma ba a yi masa ganganci. Arewacin jihar Tawa wajen iyakar Mali ya sha fama da hare-hare, tafiya daga Agadas zuwa Dirku da Bilma da rakiyar soja ake yin ta, kuma an binne nakiyoyi a wasu sassan Abzin lokacin rikicin 2007 zuwa 2009, dalilin da ya sa ba a kauce wa hanyar da motoci ke bi. Kafin a sa rana a je wurin jandarmomi a faɗa musu inda aka nufa, a kuma sake tambaya a kowane babban gari. In sun ce kada a wuce, to kada a wuce, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ayari da madugunsa

Ba a shiga daji da mota ɗaya. Biyu ne mafi ƙaranci, uku sun fi, kuma yawan motocin kaɗai ba shi ne ayari ba. A watan Oktoban 2013 an gano gawarwakin mutane 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, da yawansu ƴan yankin Kance; motoci biyu ne suka ɗauke su, an cika su maƙil, duka biyun suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. Sharaɗin da ya kamata a riƙe shi ne wannan: in mota ɗaya ta mutu murus, sauran su iya kwashe mutanenta da ruwansu su kai su gari. Duk lodin da ya hana haka ya yi yawa, ko da kuwa motar tana iya ja.

Fataken da suka riƙa kai goro da tufafi arewa, su sauko da gishirin Bilma da dabino, ba su tashi sai da madugu, kuma hikimar hakan ba ta tsufa ba. A zaɓi mutum ɗaya tun a gida wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan lokacin tashi, wurin zango, rabon ruwa da kuma juyawa baya. Ba lalle ne ya zama mai kuɗin tafiyar ko wanda ya fi kowa shekaru ba, a duba wanda ya fi sanin hanya, wanda kuma ba ya jin kunyar cewa a koma. Gardamar da za a yi a ƙarƙashin rana, mota ta kafe, kowa ya gaji, ba ta haifar da shawara mai kyau, shi ya sa ake gama ta a zaure. Bayan madugu a nemi jagora ɗan ƙasar, Buzu ko Bafillace ko Bahaushen da ya tashi a can, wanda ya san rijiyoyi da sunayensu da masu su. Taswirar da aka sauke a waya tana da amfani, a sauke ta tun a Maraɗi inda intanet ke da ƙarfi, amma ba za ta faɗa maka cewa rijiya kaza ta rufta bana ba, ko kuma mutanen da ke wajen sun yi ƙaura. A yi cinikin ladan jagora a fili kafin tashi, har da kuɗin motar da zai koma gida.

Akwai mutum na uku wanda ba zai shiga mota ba, amma aikinsa bai gaza na madugu ba, wato wanda aka bari a gida. A rubuta masa hanyar da za a bi, wuraren zango, lambobin motoci da sunayen matafiya, a kuma yanke masa rana da awa: in lokaci kaza ya wuce bai ji daga gare ku ba, ya tafi wurin jandarmomi nan take, ba tare da ya tsaya yana cewa wataƙila layi ne babu ba. Da zarar an bar manyan garuruwa layin waya yakan ɗauke, don haka a riƙe layukan kamfanoni biyu ko uku, a kira shi duk inda aka sami layi. Mai halin samun wayar tauraron ɗan Adam irin ta Thuraya ya fara tambayar hukuma ƙa'idar riƙe ta.

Motar da kayanta

Kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, ita ce motar wannan tafiya, kuma ba banza ba ne ake ganin Land Cruiser da Hilux sun cika arewa: kayan gyaransu suna samuwa har a ƙananan garuruwa, kuma kowane makanike ya san cikinsu. In motocin ayarin iri ɗaya ne, ko aƙalla mai iri ɗaya suke sha kuma tayoyinsu girma ɗaya, an rage rabin wahala, domin abin da ɗaya ta ɗauka zai yi wa ɗayar. A kai mota gareji mako biyu kafin tafiya, ba jajibiri ba, a sauya baƙin mai da matatai, a duba birki, kuloci, lagireto da tiyoyinsa, fanbel, batir da duk wani ƙusa na ƙarƙashi, sannan a yi kwanaki ana yawo da ita domin abin da aka ɗaura ba daidai ba ya bayyana tun ana gari. Kowace mota ta ɗauki safayar taya biyu, kayan faci, famfon iska, ma'aunin iska, jak tare da katako mai kauri da zai zauna a kai cikin rairayi, shebur, igiyar ja mai ƙarfi, farantan ƙarfe biyu na sawa ƙarƙashin taya, fanbel da matatar mai na ajiya, waya, roba da kwalbar kashe gobara. In an sami makanike cikin matafiya, kujerarsa ta fi ta kowa daraja.

Wasu sukan yi sha'awar ɗaura ƴar tirela a baya domin ƙarin kaya, ganin yadda a Ostareliya mutane, musamman waɗanda suka ajiye aiki, ke jan ɗaki mai taya a bayan mota su yi watanni suna zagaya dajin ƙasarsu. Amma akasarin tafiyar tasu bisa hanyoyin da ake kula da su ne, kuma suna da likitoci masu zuwa da jirgin sama. A rairayin Tarka tirela nauyi ce da ba ta turawa, sai dai ta ja mota baya, kuma in an kafe da ita aiki ya zama biyu. Gara a rage kaya. Abin da ke da nauyi, kamar ruwa da mai, a sa shi ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya a ɗaure shi tam, a bar wa rufin mota tabarmi, barguna da sauran marasa nauyi, domin mota mai nauyi a ka ita ce ke kifewa a gangare.

Lissafin ruwa da na mai

Nan ne ya kamata a zauna da takarda da alƙalami. A ware wa kowane mutum lita 10 a rana domin sha, girki da alwala, ba da wanka ba. A ce mutum takwas ne cikin motoci biyu, kuma kwana uku ne tsakanin ruwan da aka tabbatar da shi da na gaba: lita 240 ke nan. A ƙara na kwana biyu domin abin da ka iya faruwa, lita 160, jimla 400, wato bido 16 masu cin lita 25, ban da bido guda ga kowace mota domin lagireto. Lita 400 kilo 400 ce, nauyin manyan mutane biyar ko shida. Wanda ya yi wannan lissafi zai gane cewa ruwa ne ke faɗin yawan mutanen da za a ɗauka, ba yawan kujeru ba, kuma ɗan'uwan da ya zo da asuba yana roƙon a rage masa hanya, ruwan wani zai sha. A ba shi haƙuri, ko kuma a ƙara bido.

Kada a zuba ruwan duka a tano ɗaya, domin in ya huje an yi asarar kome a lokaci guda. A raba shi cikin bidoji, a kuma raba bidojin tsakanin motoci. Bidon da aka ɗinke da buhun algarara aka jiƙa aka rataya a gefen mota yakan ba da ruwa mai sanyi, aikin da salka ke yi wa masu raƙuma. Duk inda aka sami ruwa a cika abin da aka sha, ko da bido ɗaya ne ya ragu, kuma kada a jira sai ajiya ta ƙare kafin a nemi rijiya, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwan tabki da na rijiyar da bisashe ke sha a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tafasa ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs. Gudawa a daji tana cinye ruwan jiki da na bido tare, don haka a riƙe ƙunshin gishirin zawo, in babu a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ruwa ya yi ƙaranci, addini ya sauƙaƙa wa matafiyi da taimama, bai kamata wani ya ji nauyin amfani da wannan sauƙi ba.

Mai shi ma lissafinsa na daji daban ne. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 bisa kwalta tana iya shan 18 ko 20 cikin rairayi da lodi, ban da ɓatan hanya da komawa baya. A yi lissafi da adadin rairayi, a ƙara sulusi a kai. A cika tanki a kowane gidan mai ko da rabi ne ya ragu, domin gidan man da ke gaba yana iya kasancewa a bushe. In dole ta sa an sayi na ƴan ruwa-ruwa, wato masu sayar da mai a bakin hanya, a tace shi da ƙyalle kafin ya shiga tanki. Esansi a zuba shi cikin jarkar ƙarfe mai murfi mai kyau, a ajiye shi waje da inda mutane ke zaune, nesa da mai shan taba da kuma gawayin shayi.

Guzuri bai buƙatar dogon bayani: gari, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, shinkafa, taliya, albasa, busasshen tumatir, mai, sukari da shayi mai yawa, wanda rabinsa na kyauta ne. Takardu kuwa a haɗa su cikin jaka ɗaya: katin shaidar ɗan ƙasa na kowa, lasin tuƙi, takardar mallakar mota, inshora da takardar binciken lafiyar mota. A riƙe kuɗi ƙanana, jika-jika da dala ɗari-ɗari, domin a ruga ba mai canjin jika goma.

Tuƙi

A tashi bayan sallar asuba, lokacin da rairayi ke da sanyi da ɗan ƙarfi, a yada zango da rana ta take, a ci gaba bayan la'asar, a tsaya tun da sauran haske. Tuƙin dare ba shi da wani amfani a nan: raƙumi da jaki ba su da fitila, rami ba ya ganuwa, kuma motar da ta tunkari shingen jami'an tsaro cikin duhu tana jawo wa kanta zargi. A shinge a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a yi sallama, kada kuma wani ya ɗaga waya da niyyar ɗaukar hoto.

Kafin a shiga rairayi mai laushi a tsaya bisa ƙasa mai tauri a sa giyar taya huɗu, a rage iskar tayoyi zuwa wajen bar 1.5 a ma'aunin iska, har ƙasa da haka kaɗan in wurin ya yi tsanani, domin taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa bisa rairayi maimakon ta tona shi. A riƙe gudu matsakaici ba yankewa, kada a sauya giya a tsakiyar wuri mai laushi, kada a taka birki da ƙarfi ko a murɗa sitiyari farat ɗaya. In mota ta fara nutsewa a ɗaga ƙafa nan da nan, domin ƙara wuta ba ya fitar da ita, sai dai ya zaunar da ita bisa cikinta. A sauke mutane, a kwashe rairayin gaban tayoyi huɗun da na ƙarƙashin mota, a shimfiɗa farantai, a fita a hankali, kuma kada a tsaya sai an kai wuri mai tauri. In za a ja ta da igiya, kowa ya matsa nesa, domin igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum. Da an koma kan tsakuwa ko kwalta a mayar da iska, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta fashe.

Ƙa'idar ayari ɗaya ce wadda in an kiyaye ta ba mai ɓata: kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa. In ya duba madubi bai gan ta ba ya tsaya, in an zo mararraba ya jira har ta gan shi ya juya. A bar tazara saboda ƙura, a kunna fitilu ko da rana in hazo ya sauka. Akwai kuma wani haɗari da baƙi ba su cika sani ba: bayan damina busasshiyar ciyawa takan taru a ƙarƙashin mota kusa da salansa, zafi ya kunna ta. Duk tsayawa a leƙa a cire ta, kada kuma a ajiye mota mai zafi cikin doguwar ciyawa. Wutar daji guda tana iya cinye abincin bisashen yanki na shekara ɗungum, kuma wanda ya tada ta ya cuci mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

A bakin rijiya da wurin kwana

Dajin da baƙo ke gani kamar ba kowa yana da masu shi. Rijiyoyi da yawa a ƙasar kiwo dangi ne suka haƙa su da guminsu da dukiyarsu, wasu zurfinsu ya kai sai an sa raƙumi, sa ko jakai sun ja guga, kuma akwai tsarin wanda zai fara shayarwa da wanda zai bi. A tsayar da motoci nesa kaɗan domin kada bisashe su firgita, madugu da jagora su taka da ƙafa, su yi sallama, su nemi babba a wurin. A gaisa yadda ya kamata, "Sannunku da aiki, Baba, ina gajiya, yaya iyali, yaya bisashe?", sannan a faɗi daga inda aka fito da abin da ake buƙata. Da wuya makiyayi ya hana matafiyi ruwa, amma akwai bambanci tsakanin wanda aka ba da wanda ya ɗiba. Kada a yi wanki ko wanka da sabulu kusa da kwamin shayarwa, kada a ɗauki hoton mata da yara ba da izini ba, a bar musu shayi da sukari, a sayi cuku ko nono in suna sayarwa. A wannan zama ne ake jin labarin da ba ya cikin kowace taswira, wato wace hanya ce rairayi ya rufe, wace rijiya ce ta ƙafe, da kuma waɗanne baƙin fuskoki aka gani kwanan nan. Matambayi ba ya ɓata. In za a kwana kusa da ruga ko ƙauye, a sanar da ardo ko maigari.

Wurin zango ya zama tudu mai tauri, nesa da hanya, nesa da burtali, kuma ba cikin ƙorama ba ko da ta shekara a bushe. A juya gaban motoci wajen fita. A share fili kafin a hura wuta, a yi amfani da gawayi ko gas da aka zo da shi maimakon sare ɗan itacen da ya rage, a binne wutar kafin a kwanta. Daren hunturu a arewa yana da sanyin da mutumin Maraɗi bai saba da shi ba, don haka bargo biyu ga kowa ba almubazzaranci ba ne. A kwana bisa gado mai naɗewa ko cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, kada a yi yawo da dare ba takalmi da tocila, a kuma kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In maciji ya sari wani, musamman kububuwa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba. Leda da gwangwani a kwashe su a koma da su gari, domin ledar da aka yar tana ƙarewa ne a cikin tumbin akuya ko saniya.

In abin da ake gudu ya faru

In mota ta mutu ko an ɓata, doka ta farko ita ce kada kowa ya bar motar ya kama tafiya da ƙafa, sai in jagora ya tabbatar da rijiya ko ruga a kusa, kuma ko a haka da sanyin asuba za a tafi, mutum biyu tare, da ruwa. Mai nema yana hango mota daga nesa, ba ya hango mutum, kuma a wurin motar ne inuwa da ruwa suke. A ɗaura tampol a yi rumfa, a kwanta lokacin zafi, a yi gyara da safe da yamma. Madugu ya ƙirga ruwan da ya rage ya tsara rabo, amma kada a hana mutane sha har su galabaita alhali akwai ruwa a bido. Wanda ya fara ciwon kai mai tsanani, jiri, ruɗewa ko sambatu, zafi ne ya buge shi: a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in yana iya haɗiya. Domin jan hankalin masu nema, baƙin hayaƙin tsohuwar taya da aka sace wa iska aka ƙona a fili marar ciyawa yana ganuwa daga nesa da rana, madubi ma yana aiki, da dare kuma fitila. In an yanke shawarar tura mota ɗaya neman taimako, ta tafi da jagora da mai isasshe, ta bi sawun da aka zo da shi, a bar wa masu jira kaso mafi yawa na ruwa, a kuma rubuta inda suke daga na'urar nuna wuri a ba direban a takarda.

Da an iso gari, kafin a nemi masauki, a kira wanda aka bari a gida domin kada ya tada hukuma a banza, a sanar da jandarmomin da aka yi wa sallama cewa an sauka lafiya, a sallami jagora da haƙƙinsa cikakke. Kafin a juyo kuma a kai motocin gareji a busa matatar iska, a ƙara ɗaure ƙusoshin da gargada ta sassauta, a gyara tayoyin da suka yi faci, sannan a sake zama da takarda a yi lissafin ruwa da mai na komawa daga farko, da adadin da motocin suka sha a zahiri wajen zuwa.